Faten Bayan Ƙafa

"Ƙara," in ji Eshrat Khanum.

Mash Akbar mai ganye ya ɗora wani damin alayyafo a kan sikeli, ya ɗago ya dube ta.

"Ƙara mana. Ka sa lawashi, ka sa busasshiyar na'ana'a. Mai kyau fa, ba wadda kake ƙaƙaba wa baƙi ba."

"Khanum, tumaki kuka fara kiwo ne a gidan Usta Yadullah?" Ya yi dariyarsa shi kaɗai yana cusa ganye a leda. "Wannan ai ya ciyar da lungu guda. Alwashi za ki cika ne, ko kuwa kuna da mosafer?"

Mata biyu ne a bayanta suna jiran layi, kowacce ta kama bakin mayafinta da haƙori. Eshrat ba ta juya ba, amma ta ji hirarsu ta tsaya. A garin Yazd in mace ta yi shiru a gaban mai ganye, to ba tasbihi take yi ba, kunne ta kasa.

Kalmar mosafer, wato matafiyi, ba baƙuwar kowa ba ce. Direbobin tasi na bakin dandali wuni suke yi suna kiranta, a wurinsu duk wanda ya shiga mota ya biya mosafer ne, ko da titi ɗaya zai tsallaka. Amma in gida ya ce "muna da mosafer", to magana ta girma. Ana nufin akwai namu a kan hanya, shimfiɗarsa na nan, cokalinsa na nan, kunnenmu na bakin ƙofa. Wanda aka kora ba mosafer ba ne. Kuma shekaranjiya, a tsakar gidanta, mijinta Yadullah ya faɗa da bakinsa cewa gidansa ba shi da mosafer.

"Muna da shi," in ji Eshrat, ta ɗaga murya yadda na baya ba za su wahala ba. "'Yarmu Setare ce."

"Af, Kerman? Ai nan da Kerman ba tafiya ba ce. Usta ya ce ta je jinyar innarta."

"Innarta lafiyarta ƙalau, ta fi ni ƙarfi. Setare tana tashar jiragen ruwa ta Bandar Abbas. Yau bayan la'asar jirgin ruwansu zai tashi, wata shida a teku. Ita ce mai kula da injin." Ta miƙa masa katin banki. "Cika ledar, Mash Akbar, na ga hannunka ya tsaya."

Hannun nasa kuwa ya tsaya. Ya dubi matan, ya dubi sikelinsa, ya rasa inda zai ajiye ido. Daga ƙarshe ya faɗi abin da ake faɗa, don babu wata amsar: "To, Allah ya dawo muku da mosafer ɗinku lafiya."

"Amin. Kada ka ci abincin rana, za a kawo maka."

Ta rungumi ledojin ta fita. Ta san kafin ta kai gida labarin ya riga ta, ya cire takalmi ya sha shayi a gida uku.

Setare ita kaɗai Allah ya bar musu. Yarinyar da aka haifa a garin da ake tono ruwa daga ƙarƙashin ƙasa kamar ana haƙar zinariya, ita ce ta tashi ba ta da zance sai na teku. Kuma laifin wa? Uban ne ya koya mata riƙon guduma a shagonsa na ƙirar tagulla tun ba ta kai tsawon maƙera ba. Shi ne ya riƙa nuna ta a kasuwa yana cewa wannan ta fi 'ya'ya maza biyar. Da ta tafi karatun injin jirgi ma bai hana ba, a zatonsa a ofis mai fanka za ta ƙare. Sai ga aiki ya zo: jirgin dakon kaya, mace ɗaya tal a cikin ƙarti. Nan fa yayarsa Akdas ta shiga ta fita, kullum tana gidan da sandarta da maganarta guda: me mutane za su ce? Har ta cika masa kunne taf.

Safiyar tafiyar Eshrat ta shirya faranti yadda ta ga uwarta tana yi: Alƙur'ani, da kwanon ruwa, ɗanyen ganye yana yawo a kai. Mai tafiya zai wuce ta ƙarƙashin Littafin ya sumbace shi, in ya ba da baya a watsa ruwan a sawunsa, don ya tafi kamar ruwa ya dawo kamar ruwa. Setare ta wuce ƙarƙashin Alƙur'ani, wannan kam ko Yadullah bai isa ya hana ba. Amma da Eshrat ta kai hannu ga kwanon sai ya riga ta. Ya ɗauka, ya taka a hankali zuwa gindin rumman da ke tsakar gida, ya juye.

"Wanda ake jira shi ake zuba wa ruwa," ya ce da 'yarsa. "In kin taka ƙofar nan ba ni da mosafer. Kada kuma in ƙara jin sunanki a gidan nan."

Setare ta dube shi, ta ɗauki jakarta, ta fita a kan busasshiyar ƙasa. Ita kuwa Eshrat ta tsaya riƙe da faranti kamar gunki, ba ta ce uffan ba. Shirun nan nata shi ne ya fi ƙona mata rai, ya fi maganar mijin.

Jiya da yamma yarinyar ta kira, tana ta ƙoƙarin yin dariya. "Mama, na san ruwa ruwa ne, na yi karatu. Amma wallahi ji nake kamar na fito ba takalmi."

Shi ke nan. Eshrat ta ajiye wayar, ta sauka ɗakin ƙasa ta jiƙa wake iri uku a bayan kwalaben tsami, inda mijin ba ya leƙawa. Ruwa ya riga ya zube, ba ya kwasuwa. Amma saura abu ɗaya. A rana ta uku ake dafa faten bayan ƙafa, na taliya da wake da ganye, a raba gida gida don hanyar mai tafiya ta warware kamar taliyar. Gidan da ya raba shi ya sanar da duniya yana jiran nasa. Kuma ba a mayar da shi. Ko kuna gaba, ko kuna kotu, sai ka karɓa ka yi addu'a, ka dawo da kwanon da ɗanyen ganye a ciki. Wanda ya ture faten mosafer ya yi wa hanyarsa mugun fata ke nan, ko azzalumin unguwa ba ya yi.

Yadullah ya fita kasuwa tun bayan asuba, don haka gidan nata ne. Ta buga wa maƙwabciyarta Mahin bango, ba a jima ba sai ga ta nan tana haki, hannu duk gari. Mahin bazawara ce mai jiki, wadda bakinta ba ya da linzami. Su biyu suka sauka ɗakin ƙasa, Eshrat ta yaye wani tsohon bargo.

Mahin ta dafe ƙirji. "Eshrat, wannan ai tukunyar bikin Setare ce."

"Ita ce."

"Wadda mijinki ya shekara yana bugu? Ya ce ba za ta ga wuta ba sai ranar aurenta."

"To yau za ta gani. Kama wancan kunnen."

Suka cicciɓo ta da ƙyar, suna hutawa a kowace matakala. Da suka ɗora ta a kan murhun gas a tsakar gida, Mahin ta zauna a bakin ɗan tafkin gidan tana fifita da mayafi.

"In ya sake ki, ɗakina na sama babu kowa," ta ce. "Amma ki sani ina minshari."

"Shekara talatin ina kwana kusa da maƙeri, me minsharinki zai yi min? Yanka albasa."

Suka yi ta yanka, suna hawaye suna ɗora wa albasa laifi. Wake ya nuna, ganye ya shiga ya narke, Eshrat ta zuba taliya ba tare da ta kakkarya ta ba. Ta riƙe muciya da hannu biyu tana juyawa, tana kiran sunan da aka hana, a fili, kowane juyi da addu'arsa: Setare ta je lafiya, Setare ta dawo lafiya, teku ya yi wa Setare ladabi. Da aka jefa na'ana'a da tafarnuwa cikin mai, ƙamshin ya haura katanga ya bi lungu. Wanda bai ji labari a wurin mai ganye ba, hancinsa ya gaya masa.

Ana haka aka buga ƙofa, bugun wanda yake ganin gidan nasa ne. Akdas ce, da baƙin mayafinta da sandarta. Ta tsaya ta ƙare wa tukunyar kallo, ta ƙare wa kwanonin da aka jera kallo.

"Ashe gaskiya ne," ta ce. "Na ce ƙarya ake yi wa matar ƙanena, mace mai hankali."

"Sannu da zuwa, Yaya. Zauna, yanzu za a sauke."

"Ba zama ya kawo ni ba. Sauke tukunyar nan ki zubar a rariya. Mutum ya rufa wa gidansa asiri, ya ce yarinya tana Kerman, ke kuma za ki bi gida gida da kwano kina cewa 'yarku tana kwana cikin maza a tsakiyar ruwa? Wa zai aure ta bayan wannan?"

"Wanda ya iya iyo," in ji Mahin daga bakin tafki.

Akdas ta yi kamar ba ta ji ba. "Da ke nake, Eshrat. Da izinin wa kika ɗora?"

Eshrat ta ajiye muciyar. Ba ta taɓa mayar wa matar nan magana ba tun ranar da aka kawo ta gidan. Amma abin mamaki, muryarta ta fito sumul.

"Yaya, lokacin da ɗanki ya tafi aikin soja, wa ya dafa masa nasa?"

"Wannan daban. Namiji ne."

"Ni na dafa, ina da cikin Setare wata takwas, a tsaye. Da mijinki ya tafi Makka, ni. Da kika tafi ziyara Mashhad da ciwon ƙafarki, ni na zuba miki ruwa, ni na dafa, har kika dawo kika ce gishiri ya yi yawa alhali ba ki ɗanɗana ba. Duk wanda ya fita daga dangin nan da jaka, hannun nan ne ya juya masa tukunya. Yau tawa guda ɗaya ta fita, sai a ce in zubar a rariya?" Ta ɗauki ludayi. "Ba sata ta je yi ba. Aiki ta je, da takardarta, da guminta. In abin kunya ne, to ni na haife shi, kuma ina jiransa ya dawo."

Ta cika kwanon farko, ta yaryaɗa farin nono mai tsami a kai, ta barbaɗa soyayyiyar albasa, ta ɗiga man na'ana'a. Ta miƙa wa Akdas da hannu biyu.

"Ke ce babba, naki ne na fari. Faten 'yar ƙanenki ne."

Akdas ta dubi kwanon kamar an miƙo mata garwashi. Tsohuwa ce mai tsoron Allah da tsoron bakin mutane, kuma ga Mahin ta zuba mata ido, wadda in ta ga abu da safe, kafin azahar an ji shi a ƙofar gari. Ta karɓa, ta ajiye a kan dakali da ƙarfi har ya fantsala.

"Allah ya dawo da ita," ta faɗa ta cikin haƙora. "Amma ba inda za ni. Ina nan har Yadullah ya dawo, ki maimaita a gabansa."

"Ba sai ya dawo ba, Yaya. Ni zan je."

Suka raba lungu tsakaninsu, Mahin ta ɗauki dama, Eshrat ta ɗauki hagu. A kowace ƙofa magana ɗaya take faɗa, ba ta rage murya: "Faten bayan ƙafar Setare ne, ta tafi teku." Wata ta rungume ta. Wata ta karɓa da yatsa biyu tana taɓe baki. Wata tsohuwa kurma ta tambaya ko teku ya fi Tehran nisa. Amma duk wadda ta karɓa sai da ta faɗi addu'ar, kuma Eshrat ba ta matsa daga bakin ƙofa sai ta ji ta har ƙarshe. Ba ta manta da Mash Akbar ba.

Da aka kira azahar ta juye ragowar a ƙaramar tukunya, ta naɗe da ƙyalle, ta tara kwanoni a kwando. Kwano ɗaya ta zuba daban, shuɗi, wanda mijin ke cin abinci a ciki. A kan wannan ta ɗauki lokaci. Da bakin cokali ta rubuta sunan yarinyar da farin nono, harafi harafi, ta rufe da faranti.

"Kasuwa za ki?" in ji Mahin, dariyar ta ɗauke daga fuskarta. "Eshrat, gida daban, kasuwa daban. Namiji yana haƙura da abin da aka yi masa a ɗaki."

"A ɗaki na yi shiru shekaranjiya, me ya saya min? Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Tsayar min da tasi."

Layin maƙeran tagulla ba a magana a cikinsa sai da ihu, saboda bugun guduma. Eshrat ta shiga da kwandonta, ta wuce tukwane da tirori da butoci masu walƙiya. Ba ta nufi shagon mijinta ba. Ta fara da na kusa da shi, shagon Usta Rajab, abokinsa tun suna yaran shago, mutumin da ba ya barin zolaya ta wuce shi.

"Usta Rajab, sannu da aiki. Faten bayan ƙafar Setare ne. Yau jirgin ruwansu zai tashi."

Usta Rajab ya ajiye guduma, ya goge hannu a gaban rigarsa, ya karɓa. Ya leƙa ta gefen ginshiƙi ya ƙwala wa abokinsa kira.

"Yadullah, ashe kuna da mosafer ka yi gum? Yaushe aka haƙa teku a Kerman?"

Ta ba na gaba, ta ba na gabansa, ta tsallaka ta ba na ɗaya gefen. Guduma ta riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya har layin ya koma kamar masallaci. Kowa ya karɓa sai ya juya wajen shagon Yadullah ya ɗaga kwano: "Allah ya dawo maka da mosafer ɗinka lafiya, Usta." Wani dattijo ya ƙara da cewa, "Yarinyar nan da ke gyara mana abin hura wuta? Ai jirgin ya yi sa'a." Wani kuma ya sunkuyar da kai yana murmushin da ba na alheri ba. Duk Eshrat ta gani.

Yadullah na zaune a kan ɗan kujerarsa, tire a kan gwiwa, guduma a hannu. Dogon mutum ne mai furfurar gashin baki, fuskarsa ta yi ja kamar tagullar da ya ciro daga wuta. Eshrat ta zo ta tsaya a gabansa, ta ajiye shuɗin kwanon a kan maƙera, ta ɗauke farantin.

Ya ga sunan. Ta ga ya gani.

"Kin tona min asiri a kasuwa," ya ce ƙasa ƙasa.

"Ƙaryarka na tona, Hajji. Asirinka yana nan a rufe."

"A wace tukunya kika dafa?"

"Ka san wadda."

Jijiyar wuyansa ta motsa. "Ɗauke shi daga gabana."

"Ba zan ɗauke ba. Ka juye ruwanta a gindin bishiya, ni da ita kaɗai muka gani, na yi shiru, Allah ya yafe min. Wannan kuwa in za ka mayar, ka mayar da hannunka. Ga abokanka suna kallo. Tura min shi, Hajji. Ka ce ba ka son ta dawo, in ji da kunnena, in san da wa nake zaune."

Hannunsa na hagu ya tashi daga kan tiren. Ya tsaya a sama, kusa da bakin kwanon. Eshrat ta zuba wa hannun ido. Idan ya tura fa? Ba ta shirya wa wannan ba, ba ta san inda za ta sa ƙafa ba in ta fita daga layin nan.

Bai tura ba. Bai kuma ɗauka ba. Ya mayar da hannun kan tiren, ya ɗaga guduma ya ci gaba da bugu, kai a sunkuye, bugun da ba shi da kan gado.

"Bayan la'asar jirgin zai tashi," ta faɗa cikin ƙarar. "Daga nan babu waya sai inda hali ya yi."

Ta ajiye cokali a gefen kwanon, ta ɗauki kwandonta ta fita, ba ta waiwaya ba.

A gida ta tarar Akdas na nan daram a kan dakali, kwanonta kuma an ci rabi, wai kyanwa ce. Kwanoni sun fara dawowa, wani da reshen na'ana'a, wani da ganyen lemo, wani da fure guda. Eshrat ta jera su a bakin tafki, ta yi sallah, ta zauna da waya a cinya. Duk motsin da aka yi a lungu sai ta ɗaga kai. Ba shi ba ne.

Wayar ta yi ƙara bayan la'asar kaɗan. Iska na kaɗawa a bayan muryar Setare, da ƙugin wani abu mai nauyi.

"Mama, suna kwance igiyoyi. Ba zan daɗe ba."

"An dafa fatenki, 'yata. A babbar tukunya. Lungu duka sun ci, kasuwa ta ci, har gwaggonki ga ta nan ta ci. Kowa ya san muna da mosafer."

Yarinyar ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka. "Mama, ke? Baba fa?"

"Na kai masa har shago."

"Ya ci?"

Ƙarya ta zo har bakin harshen Eshrat, mai daɗi, mai sauƙi. Ta haɗiye ta. Ƙarya ɗaya ta ishi gidan nan.

"Na ajiye a gabansa. Bai mayar ba. Iyakar abin da na gani ke nan."

"To," in ji Setare. "To, Mama." Ta fara wata magana, iskar ta cinye ta, layin ya yanke.

Ana gab da magariba aka ji makulli a ƙofa. Yadullah ya shigo da shuɗin kwanon a hammata. Ya tsaya ya dubi babbar tukunyar da gindinta ya yi baƙi da wuta, ya daɗe yana dubanta. Akdas ta miƙe da sandarta, ta wuni tana wasa maganarta.

"Ka ga abin da matarka ta yi? Gari duka ya ɗauka. Gobe da wane ido za ka shiga masallaci? In kai namiji ne a gidan nan, yau za ka..."

"Yaya."

"Ka bar ni in gama. Ubanmu da yana raye..."

"Yaya, me aka yi ne?" Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ta, da muryar da yake yi wa mai taya kaya da rainin hankali. "Fate aka dafa. Muna da mosafer, aka dafa fate. Haramun ne? Wanda abin ya dama ya zo shagona ya same ni, ina da guduma."

Akdas ta ja mayafinta, ta ce ita dai ta faɗi gaskiya, Allah shaida ne, ta fita tana buga sanda. Ba wanda ya raka ta.

Ya ajiye kwanon a bakin tafki, a ƙarshen layin sauran. An suɗe shi tas, a ciki kuma ga ganyen lemo guda, irin na bishiyar harabar masallacin kasuwa.

"Ba ni na ci ba," ya ce, bai dube ta ba. "Wani ɗan dako na ba."

Eshrat ta dubi gashin bakinsa, inda farin nono ya bushe a gefe ɗaya.

Ya zauna a bakin tafkin, ya cire takalmi, ya daɗe yana murza ƙafa. "Ta kira?"

"Ta kira. Jirgi ya tashi."

"Ta... ta ce wani abu?"

"Ta tambaya ko ka ci."

Ya ɗago da sauri. "Me kika ce mata?"

"Na ce ban sani ba."

"Ba ki..." Ya haɗiye sauran. "Sai ki kira ta yanzu mana."

"Babu waya a inda take. Ko da akwai ma, ni ba 'yar aikenka ba ce, Hajji. Ta dawo ka gaya mata da bakinka."

Ladan ya fara kiran magariba daga nesa, wani ya karɓa daga kusa. Eshrat ta tashi ta fara tattara kwanoni, tana ware na kowane gida. Da ta kai hannu ga shuɗin sai ta tarar ya riga ta, kamar shekaranjiya. Ya tsoma shi a tafki ya cika, ganyen lemon ya taso yana yawo a kai. Ya miƙe ba takalmi, ya bi zaure, ya buɗe ƙofar gida.

Ta ji saukar ruwan a ƙasar lungu.

Ya dawo ya miƙa mata kwanon yana kallon wani wuri. "Ƙofar nan ta yi datti," ya ce. "Ba mai sharewa."

"Haka ne," in ji Eshrat. Ta karɓi kwanon ta kife shi a kan sauran. "Tukunyarka na can. Kai ka san yadda ake goge ta, wata shida kake da shi."